Makomar Wasan Sana'a: Abin Da Wikki Tourists Da 'Yan Kasuwar Bauchi Za Su Koya Daga Zari-Ruga

BAUCHI: A shekarar 2025 ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists ta sake hawa rukunin ƙwararru na Nijeriya, bayan ta yi kaka biyu a rukuni na biyu. Magoya bayanta sun yi murna, kuma sun cancanci yin haka. Amma ga ɗan kasuwa, wanda ya saba duba littafin shiga da fita kafin ya yi tafi, hawan ya sake taso da wata tsohuwar tambaya: wa ke biyan kuɗin wannan sana'a, wa ke da iko da ita, kuma wa zai ɗauki hasara ranar da aljihun mai biya ya bushe?

Wannan tambaya ba a Bauchi kaɗai ake yin ta ba. Ita ce ta hana shugabannin wasan zari-ruga barci a Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu cikin 'yan shekarun nan. Zari-ruga wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita. A Arewacin Nijeriya ba a san shi sosai ba, in ban da ƙungiyoyi 'yan kaɗan irin su Barewa ta Kano. Duk da haka labarinsa yana da amfani ga masu jari, domin sai a 1995 aka halatta biyan 'yan wasansa albashi, watau shekara biyar bayan da Nijeriya ta kafa gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru. Ke nan sana'o'in biyu kusan sa'o'in juna ne, kuma abin da ya sami ɗaya yana iya zama madubi ga ɗayar.

Kadarar da Bauchi ke da ita

An kafa Wikki Tourists a 1991, aka sa mata sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke gandun dajin Yankari. Tun daga sunan ana iya gane cewa waɗanda suka kafa ta sun yi nufin ta zama tallar jihar, ta jawo hankalin baƙi zuwa wuraren shaƙatawarta. A 1998 ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa bayan ta doke Plateau United a bugun daga kai sai mai tsaron gida, abin da ya ba ta damar wakiltar Nijeriya a gasar Afirka a shekarar da ta biyo baya. A 2016, a ƙarƙashin mai horarwa Abdu Maikaba, ta zo ta uku a gasar ƙwararru, ɗan wasanta Godwin Obaje kuma ya fi kowa cin ƙwallo a kakar, da ƙwallo 18. Ta faɗa rukuni na biyu a 2013, ta dawo. Ta sake faɗawa a 2023, ta sake dawowa.

Haka nan birnin yana da filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya karɓi baƙuncin wasannin gasar duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Suna, da tarihi, da fili, da jama'a masu ƙaunar ƙungiyarsu: waɗannan su ne kadarorin da kowace ƙungiyar sana'a ke nema, kuma Bauchi tana da su duka. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai mai da su kuɗin shiga mai ɗorewa. Wikki mallakar gwamnatin jiha ce, kamar yadda Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Plateau United suke, kuma ƙungiyar da ke cikin wannan hali tana rayuwa ne a kan abin da aka ware mata daga baitulmali.

Yadda kamfanoni suka janye

Ba haka al'amarin yake ba tun asali. An soma gasar ƙasa a 1972, kuma cikin shekarun 1970 da 1980 'yan kasuwa da kamfanoni suna da babban rabo a cikinta. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar a 1978. Leventis United ta Ibadan ta ci a 1986. Abiola Babes ta Cif M.K.O. Abiola ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987. Ranchers Bees ta Kaduna ta yi tashe, BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko kuma ta ciwo wa Nijeriya kofin Afirka a 1990.

Sai dai galibin waɗannan ƙungiyoyi ba kasuwanci ba ne mai tsayawa da ƙafarsa. Kyauta ce daga mai hali, ko kuwa talla ce ga kamfani. Da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, tsadar kaya kuma ta hau, sai kamfanoni suka shiga rage duk abin da ba ya kawo riba. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an rushe Leventis United da Abiola Babes. An buɗe gasar ƙwararru a watan Mayun 1990 da fatan ƙungiyoyi za su zama kamfanoni masu cin gashin kansu, amma abin da ya faru shi ne akasin haka: duk gurbin da ɗan kasuwa ya bari, gwamnatin jiha ce ke cike shi. Ko Iwuanyanwu Nationale, wadda ta mamaye gasar a ƙarshen shekarun 1980, ta koma hannun gwamnatin Jihar Imo a 2006, aka sauya mata suna zuwa Heartland.

Shugabancin gasar kansa bai zauna wuri ɗaya ba. Dokar soja mai lamba 101 ta 1992 ta ɗaure hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a jikin gwamnati. Daga baya aka kafa hukumar gasar Firimiya, wadda rigingimun shugabanci da na kwangilar masu ɗaukar nauyi suka dabaibaye. A 2013 kamfanin LMC ya karɓi ragama, da farko a ƙarƙashin Nduka Irabor, daga baya Shehu Dikko. A 2022 ma'aikatar wasanni ta tarayya ta janye amincewarta da kamfanin, aka naɗa kwamitin riƙon ƙwarya a ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye. An sami ci gaba tun daga lokacin, musamman ta fuskar kuɗin lada: Enyimba ta karɓi Naira miliyan 100 a 2023, Rangers ta Inugu miliyan 150 a 2024, Remo Stars kuma miliyan 200 a 2025. Amma mai jari yana lura da cewa cikin kimanin shekara 30 an sauya masu riƙe da gasar sau da dama, kuma kwangilar da aka ƙulla da wani shugabanci ba lallai ta tsira a hannun na bayansa ba.

Ranar da zari-ruga ya zama sana'a

A nan ne labarin zari-ruga ya shigo. Fiye da shekara ɗari shugabannin wasan suna haramta biyan ɗan wasa ko kwabo. A kan wannan batu ne ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle a 1895, suka kafa nasu wasan dabam, domin 'yan wasansu ma'aikatan masaƙu da mahaƙar kwal ne waɗanda ba za su iya barin aikin yini ba tare da diyya ba.

Kuɗin talabijin ne ya rushe wannan katanga. A 1995, lokacin gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu, hukumomin Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da Ostireliya suka ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da kamfanin Rupert Murdoch a kan Dala miliyan 555. Ran 26 ga watan Agustan shekarar, a birnin Faris, hukumar wasan ta duniya ta sanar cewa daga ranar an halatta biyan 'yan wasa.

Ƙasashe sun bi hanyoyi biyu. A Niyu Zilan da Ailan, hukumar ƙasa ce ta ɗauki manyan 'yan wasa aiki, ta kuma riƙe ikon ƙungiyoyin larduna. A Ingila da Faransa kuwa, attajirai suka riga hukuma, suka sayi ƙungiyoyi, suka sa hannu da 'yan wasa. Sir John Hall ya karɓi ƙungiyar Newcastle tun a 1995, wasu suka bi sahunsa. Albashi ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin ƙofa da na talabijin kuwa ba su bi shi ba. A 1999 attajirin da ke riƙe da Richmond, ɗaya daga tsofaffin ƙungiyoyin Landan, ya janye hannunsa, ƙungiyar ta durƙushe. London Scottish ma ta bi ta a shekarar. Wanda ya san labarin Leventis da Abiola Babes ba zai ji wannan baƙon labari ba.

Shekarar durƙushewa

Ƙungiyoyin Ingila sun ci gaba da tafiya a kan bashi da kyautar masu su har annobar korona ta 2020 ta rufe filayen wasa. Gwamnatin Birtaniya ta ba ƙungiyoyin babban rukuni rancen kimanin Fam miliyan 124 domin su tsira. Cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya. A watan Satumban 2022 aka dakatar da Worcester Warriors, wadda hukumar haraji ke bin ta miliyoyin Fam. A watan Oktoba Wasps ta faɗi, aka sallami 'yan wasa da ma'aikata 167 a rana ɗaya. A watan Yunin 2023 London Irish ta bi su. Cikin wata tara, gasar da ke da ƙungiya 13 ta koma 10.

Faɗuwar Wasps ta fi ba da mamaki, domin ƙungiya ce da ta ci gasar Ingila sau shida, ta kuma ci babban kofin Turai sau biyu. A 2014 ta bar yankin Landan ta koma Coventry, inda ta sayi babban filin wasa, sa'an nan a 2015 ta karɓi rancen Fam miliyan 35 daga jama'a ta hanyar sayar da takardun lamuni. Da wa'adin biya ya cika a 2022, ba ta da abin biya. Ta bar magoya bayanta na asali a baya, sababbin kuma ba su zo da yawan da lissafinta ya dogara a kai ba. Kofuna ba su hana ta faɗuwa ba.

Ba Ingila kaɗai abin ya shafa ba. A 2024 aka cire Melbourne Rebels daga gasar ƙungiyoyin Ostireliya da Niyu Zilan, da bashin da ya haura Dalar Ostireliya miliyan 20. A 2025 hukumar Wales ta sanar da niyyarta ta rage ƙungiyoyin ƙwararrunta daga huɗu zuwa uku, saboda kuɗin da ake da shi ba ya isar huɗun.

Sayar da gobe don a ci yau

Kafin wannan duka, ƙungiyoyin Ingila sun ɗauka sun sami magani. A ƙarshen 2018 suka sayar wa kamfanin zuba jari na CVC kashi 27 cikin 100 na harkar kasuwancin gasarsu a kan kimanin Fam miliyan 200. A 2021 kamfanin ya sayi kashi ɗaya cikin bakwai na gasar ƙasashe shida ta Turai a kan kuɗin da zai iya kaiwa Fam miliyan 365. A 2022 hukumar Niyu Zilan ta karɓi Dalar ƙasarta miliyan 200 daga kamfanin Silver Lake na Amurka.

Ɗan kasuwa ya san ma'anar irin wannan ciniki. Manomi ne ya sayar da wani kaso na amfanin gonarsa na kowace shekara, har abada, domin ya sami kuɗi a dunƙule yau. In ya sa kuɗin a rijiya da injin ban-ruwa, gonar za ta ƙara yalwa, shi da mai saye su amfana. In kuwa ya biya tsohon bashi da albashin 'yan ƙwadago, kuɗin zai ƙare, kason da ya sayar kuma ba zai dawo ba. A Ingila kuɗin ya tafi ne galibi wajen toshe giɓi da tsallake annoba, kuma shekara huɗu bayan cinikin ƙungiyoyi uku suka rushe, waɗanda suka rage kuma suna raba kuɗin shigar gasar da wani abokin tarayya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Afirka ta Kudu ta ɗauki wata hanya. A watan Disamban 2024, da aka gabatar da tayin wani kamfanin Amurka na sayen kashi 20 cikin 100 na harkar kasuwancin hukumarsu, ƙungiyoyin lardunan da ke da ƙuri'a suka ƙi amincewa. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, abin lura shi ne akwai tsarin mulki da ya ba masu abu damar a tambaye su kafin a sayar.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Ƙasar da ta fi kowa cin moriyar sana'ar ita ce Faransa. Tun 1998 ƙungiyoyinta ke da hukumar gasa tasu, mai yarjejeniya a rubuce da hukumar ƙasa. Akwai kuma wata hukumar sa-ido a kan kuɗi, wadda ke duba kasafin kowace ƙungiya kafin a fara kaka, tana da ikon hana ta sayen 'yan wasa, ko rage mata maki, ko ma saukar da ita zuwa rukuni na ƙasa in lissafinta bai daidaita ba. Yawancin ƙungiyoyin suna cikin matsakaitan garuruwa irin su Castres da La Rochelle da Pau, inda kamfanonin gari, manya da ƙanana, ke haɗa hannu su ɗauki nauyinsu. Tashar Canal+ ta amince ta biya sama da Yuro miliyan 110 a kowace kaka daga 2023 zuwa 2027. Har yanzu akwai attajirai masu cike giɓi a Faransa, amma suna yin haka ne a ƙarƙashin idon mai bincike.

Ingila ma tana da dokar ƙayyade jimillar albashin da ƙungiya za ta biya. A 2019 aka sami Saracens, zakarar gasar, da laifin keta ta. Aka ci ta tarar sama da Fam miliyan biyar, aka rage mata maki 35, daga bisani aka saukar da ita rukuni na biyu. Hukuncin ya nuna doka tana iya hawa kan babba. Amma dokar tana auna abin da ƙungiya ke biya ne kawai, ba ta tambayar ko tana da abin biyan. Shi ya sa Worcester da Wasps suka rushe ba tare da sun keta ta ba.

Wa ke da ɗan wasa, wa ke da kalanda?

Rigimar da ta rage a zari-ruga ita ce ta iko. Wasannin ƙasa da ƙasa su ne ke kawo kuɗi mafi yawa, amma a Ingila da Faransa ƙungiyoyi ne ke biyan albashi. Saboda haka kullum ana ja-in-ja a kan yawan makonnin da ɗan wasa zai yi wa ƙasarsa. A 2021 manyan ƙungiyoyin Afirka ta Kudu huɗu suka bar gasar da suke yi da Ostireliya da Niyu Zilan, suka shiga ta Turai, inda lokacin kallo da kuɗin talabijin suka fi dacewa da su. A watan Oktoban 2023 hukumar duniya ta amince da sabuwar gasar ƙasashe 12 daga 2026, ba hawa ba sauka sai 2030, ta kuma faɗaɗa gasar cin kofin duniya ta 2027 a Ostireliya zuwa ƙasashe 24. Ƙananan ƙasashe sun koka cewa an rufe musu ƙofar ɗakin da ake rabon kuɗi.

A 2025 kuma wasu masu jari, da tsohon ɗan wasan Ingila Mike Tindall a gaba, suka fito da shirin wata gasa mai zaman kanta mai suna R360, wadda za ta ɗebi fitattun 'yan wasa ta riƙa zagaya manyan biranen duniya. A watan Oktoba hukumomin ƙasashe takwas suka yi gargaɗi cewa duk wanda ya shiga ba zai sake buga wa ƙasarsa ba. Bayan 'yan makonni masu shirin suka ɗage farawa zuwa 2028. Wannan ya nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya sayen gasa. Sai da yardar masu riƙe da rigar ƙasa da kuma jama'ar da suka gaji ƙungiyoyinsu daga iyaye.

Lissafin Bauchi

In aka dawo gida, lissafin a fili yake. Gasar Nijeriya tana da ƙungiya 20, kowacce tana buga wasa 38, rabinsu a waje. Ƙungiyar da ke Bauchi sai ta je Fatakwal da Aba da Ikko da Ibadan, da ayarin 'yan wasa da masu horarwa da likita, ga man fetur wanda farashinsa ya ninka bayan cire tallafi a 2023, ga masauki, ga abinci, ga albashin wata 12. Ko ƙungiya ta ci gasar, kuɗin ladan ba zai ɗauke mata wannan nauyi duka ba, kuma ɗaya ce tak ke ci cikin 20.

Gwamnatin jiha tana nan a matsayin da attajiri yake a Ingila: mai cike giɓi guda ɗaya. Tana da fifiko a kansa ta fuska ɗaya, domin gwamnati ba ta rushewa. Amma tana da nata raunin. Kuɗinta ya dogara ga kason da ke zuwa daga asusun tarayya, ga asibitoci da makarantu da hanyoyi suna jira, kuma sauyin gwamnati yakan zo da sauyin shugabannin ƙungiya. A jihohi da dama an sha ganin 'yan wasa suna bin albashin watanni. Ƙungiyar gwamnati ba ta mutuwa farat ɗaya kamar Wasps. Ramewa take yi a hankali.

Akwai alamun cewa masu zaman kansu suna dawowa. Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta ci gasar 2025, ta gina filinta da makarantar horar da yara a Ikenne. Barau FC ta Kano, mallakar Sanata Barau Jibrin, ta hau rukunin ƙwararru tare da Wikki a shekarar. Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a ɗauki wasanni a matsayin kasuwanci, a 2024 kuma ta maye gurbin ma'aikatar wasanni da Hukumar Wasanni ta Ƙasa. Sai dai tarihin Raccah Rovers da na Richmond yana tunatar da cewa musanya mai kyauta ɗaya da wani mai kyauta ɗaya ba gyara ba ne.

Sharuɗɗan da mai jari zai nema

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da sharuɗɗa biyar waɗanda ya kamata 'yan kasuwar Bauchi su gindaya kafin su sa kuɗinsu.

Na farko, ƙungiya ta zama kamfani mai rajista, da hannun jari da aka san masu shi, da hukumar daraktoci mai wa'adi wadda ba za a rushe ta da sanarwar rediyo ba. Gwamnati tana iya riƙe kaso, ta bar saura ga kamfanoni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da magoya baya, yadda janyewar mutum ɗaya ba za ta kashe ta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a riƙa buga lissafin shekara wanda odita mai zaman kansa ya duba. Ƙa'idojin lasisin ƙungiyoyi na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka sun riga sun tanadi sharuɗɗan kuɗi da na shari'a. Abin da ake bukata shi ne mai tilastawa irin na Faransa, wanda gwamna ko attajiri ba zai tanƙwara shi ba.

Na uku, a ɗaure albashi da kuɗin shiga, ya zama kaso sananne na abin da ƙungiya ta tabbatar za ta samu.

Na huɗu, a sami yarjejeniyar haya ta dogon lokaci a kan filin wasa, wadda za ta ba ƙungiya ikon kuɗin ƙofa da allunan talla da rumfunan sayar da kaya. Filin da ake buɗewa sau 19 a shekara kadara ce mai barci. Masu sayar da abinci da abin sha, da masu otal, da masu motocin haya, da teloli na kasuwannin Wunti da Muda Lawal waɗanda za su iya ɗinka rigunan ƙungiya da izini, duk suna da rabo a ranar wasa in an tsara ta. Sunan Wikki kansa yana iya haɗa tikitin kallo da ziyarar Yankari.

Na biyar, a kula da takardun yara. Dokar FIFA ta ware kashi biyar cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa domin ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Ƙungiyar da ba ta yi wa yaranta rajista yadda ya kamata ba tana zubar da wannan haƙƙi, alhali sayar da 'yan wasa na cikin 'yan hanyoyin da ƙungiyar Nijeriya ke samun kuɗin waje.

Haka kuma in wata rana wani babban kamfani ya zo da tayin sayen kaso na gasar ƙasa baki ɗaya, ya kamata ƙungiyoyi, har da Wikki, su san tun yanzu wa ke da ikon sa hannu, shekara nawa cinikin zai ɗauka, kuma ina kuɗin za su tafi.

Zari-ruga ya shiga sana'a a ƙasashe masu arziki, da filaye cike da 'yan kallo da kwangilolin talabijin na miliyoyi, amma cikin shekara 30 ya binne ƙungiyoyin da suka haura shekara ɗari da kafuwa, saboda an fara biyan albashi kafin a daidaita mallaka da lissafi da hukunci. Wikki Tourists tana da damar da Wasps ba ta samu ba, watau ta gyara gidanta tun tana tsaye. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.